Gidan malam ko asibitin Kware?

Idan ciwon taɓin hankali ya kama mutum a ƙauye, dangi kan rabu gida biyu: a kai shi wajen malam, ko a ɗauki hanyar asibiti.

Malam yana kusa. An san shi, yana karɓar abin da ya samu, ko da kwanon gero ne, kuma rukiyya da rubutu na kwantar wa uwa hankali. Sai dai wasu wuraren mari ne da bulala. A 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa.

Asibiti kuwa, Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano, akwai likita da magani mai sa mara lafiya ya yi barci, har ya dawo hayyacinsa. Nisan ne matsalar. Kuɗin mota na mutum biyu ko uku, gona ta kwana ba noma, magani kuma na wata da watanni ne. Yawanci a nan ake sarewa: da an ga sauƙi sai a daina, ciwo ya dawo.

Ni dai asibiti zan kai nawa, addu'a kuma a yi ta a gida.