Gargaɗi game da masu sayar da buhunan riɗi da masara ta waya da sunan kasuwar haja

Abin da ya sa na rubuta wannan gargaɗi shi ne wata talla da ƙanen mahaifiyata ya nuna mini a wayarsa, bayan an saka shi cikin wani zauren WhatsApp ba tare da an nemi izininsa ba. Masu zauren sun ce su kasuwar haja ce ta zamani: mutum zai sayi buhunan riɗi, masara ko waken soya ta manhajarsu, su adana masa a rumbunansu, sannan su riƙa biyansa ribar kashi 20 cikin ɗari kowane wata har ranar da ya nemi uwar kuɗinsa. Sun haɗa da hotunan sito cike da kaya, da hoton takardar rajistar kamfani, da wata takarda mai tambarin EFCC. Kawu ya tambaye ni ko akwai abin tsoro tun da ga takardun gwamnati. Na ce masa, "Kawu, don Allah ka dakata, takardun nan ba su ne doka ta nema ba." Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin irinsu suna sauya suna da tambari da zarar an fara gane su, kuma siffarsu ta fi sunansu amfani ga mai karatu.

Takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, shaida ce kawai cewa akwai kamfani mai wannan suna. Mai shagon ɗinki da mai gidan burodi duk suna iya samunta, kuma ba ta ba kowa ikon karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari. Takarda ta biyu kuwa ta SCUML ce, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram a wasu sana'o'i, kuma ita ma rajista ce, ba amincewa da kasuwancin mutum ba. A Najeriya hukumar da ke ba da lasisin buɗe kasuwar haja ita ce Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC. Dokar zuba jari ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Maris na shekarar, ta maye gurbin ta 2007, ta kuma fayyace cewa kasuwannin haja da rasidan ajiyar kaya suna ƙarƙashin kulawar wannan hukuma. Dokar ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun, ga masu shirya tsarin da ake biyan na farko da kuɗin na baya.

Kasuwannin haja na gaskiya suna nan, kuma ba su da yawa. Akwai Nigeria Commodity Exchange da ke Abuja, akwai AFEX, akwai Lagos Commodities and Futures Exchange, akwai kuma kasuwar haja ta Gezawa a Jihar Kano. Kafin hukumar ta yi wa irin waɗannan rajista, sai sun nuna jarin da aka ƙayyade, sun gabatar da sunayen daraktocinsu domin a binciki halinsu da tarihinsu, sun miƙa kundin dokokin cinikinsu an amince da shi, sannan su ci gaba da kai rahoto da lissafin kuɗin da masu bincike suka duba. Rumbun da ake ajiye kayan ma yana da nasa sharuɗɗan: sikeli mai inganci, hanyar auna danshi da tantance darajar kaya, inshora saboda gobara ko ambaliya, da rasidi mai nuna nauyi da nau'i da wurin da kayan suke. Wanda ya riƙe irin wannan rasidi yana iya zuwa da mota ya ɗauki kayansa. Da Kawu ya nemi a gaya masa garin da rumbun yake, sai aka amsa masa da cewa sirrin kamfani ne saboda tsaro.

Batun da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne batun wanda kuɗi ke hannunsa. Duk wanda ya san cinikin goro ko na shanu ya san aikin fatoma: baƙo ya kawo kaya, mai saye ya ɗauka, fatoma ya tsaya a tsakani ya lamunce cewa za a biya, idan mai saye ya gudu kuwa shi za a riƙe. A kasuwar haja ta zamani akwai gida na musamman mai yin wannan aiki, wanda zan kira gidan lamunin ciniki. Shi ke tabbatar da cewa mai saye ya kawo kuɗi, mai sayarwa ya kawo kaya, sannan ya miƙa wa kowa haƙƙinsa. A cinikin da za a cika nan gaba, yana karɓar kafin alƙalami daga ɓangarorin biyu, ya kuma nemi ƙari idan farashi ya juya wa ɗaya baya, domin kada gazawar mutum ɗaya ta rusa sauran. Masu irin wannan aiki a Najeriya sun haɗa da CSCS da NG Clearing da FMDQ Clear, kuma kowannensu yana aiki ne da rajistar SEC. Hikimar tsarin ita ce a raba hannaye, ta yadda mai kasuwa daban, dillali daban, mai rumbu daban, mai riƙe kuɗi daban, kowa kuma yana lura da ɗan'uwansa.

A zauren da aka saka Kawu, mutum ɗaya ne kasuwa, shi ne dillali, shi ne mai sito, shi ke yanke farashi a manhajar da shi ya mallaka, kuma asusun da aka ce a tura kuɗi yana ɗauke da sunan wani mutum ne, ba ma na kamfanin ba. Lambobin da ke hauhawa a fuskar waya rubutu ne da suke iya sauyawa daga ɗakinsu a kowane lokaci. Idan suka rufe manhajar da tsakar dare, babu wani na uku da za a je wa a ce ga rasidina. Hukumar NDIC ma ba za ta biya ko kwabo ba, domin inshorarta ta ajiyar banki ce kaɗai.

Alkawarin ribar da kansa ya isa ya tona asiri. Naira dubu 100 da ke ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari kowane wata, ana mayar da riba cikin uwa, za ta kusa kai dubu 900 a shekara guda. A je Dawanau a tambayi duk wanda ya tsufa a cinikin hatsi ko ya taɓa ganin buhun da ya ninka kansa sau tara daga kaka zuwa kaka. Gaskiya ne ana saye da kaka a ajiye zuwa bazara a sami riba, amma ana kuma faɗuwa. Waɗanda suka tara masara da tsada a 2024 sun ga yadda farashi ya sauko a 2025, bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci. Manoman citta a kudancin Kaduna sun ga yadda cuta ta cinye gonaki a 2023. Ga kuɗin sito, ga ƙwari, ga ragin nauyi idan kaya suka bushe. Kasuwa mai lasisi tana cin la'adarta ne a kan ciniki, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin riba, saboda ba ta da ikon yin haka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke lulluɓe abin da rigar addini, suna cewa babu kuɗin ruwa, mudaraba ce ko cinikin salam. A mudaraba, wato ɗaya ya kawo jari ɗaya ya juya shi, ana raba ribar da aka samu ne bisa kason da aka yarda, idan an yi asara kuma tana hawa kan dukiya, don haka lamunce wa mai jari wani adadi tabbatacce ya riga ya fitar da ita daga wannan suna. Salam kuwa, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, yana buƙatar a fayyace nau'in kaya da ma'auninsa da ranar miƙa shi, kuma kaya ake karɓa a ƙarshe. Malami na gari zai fara tambaya a kan waɗannan abubuwa, shi ya sa ba sa son a kai maganar gaban malamin da ba su suka ɗauko shi ba.

Wani zai ce ai maƙwabcinsa an biya shi wata biyu a jere. Haka aka biya mutane a MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alkawarin riba mai yawa, kafin ta daskarar da asusu a Disamba 2016, haka kuma aka biya wasu a irinta mai suna CBEX kafin ta rufe a Afrilu 2025, lokacin da SEC ta bayyana cewa ba ta taɓa yi mata rajista ba. Biyan farko shi ne tallarsu mafi arha, kuma ladan da suke bayarwa ga wanda ya kawo sabon mutum ya sa ɗan'uwa ke jawo ɗan'uwa cikin rami da kyakkyawar niyya.

Bincike ba shi da wahala. Shafin hukumar, sec.gov.ng, yana da jerin kamfanonin da aka yi wa rajista da irin aikin da aka ba kowa izini, kuma ya kamata a duba aikin da kyau, domin lasisin ba da shawara ba lasisin buɗe kasuwa ba ne. A lura da harafi ɗaya da aka sauya a suna, saboda wasu suna aron sunan kamfani mai lasisi. Idan sun ce suna aiki da ɗaya daga cikin kasuwannin da na ambata, a tuntuɓi kasuwar ta lambar da ke shafinta, ba ta lambar da aka turo a zaure ba. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ɗauki hoton kowace hira da shaidar biya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ga SEC da EFCC, kuma kada ya biya wani kuɗin da za a ce na buɗe asusu ne ko na haraji kafin a sakar masa dukiyarsa.

Mun nemi sunan kamfanin a jerin hukumar ni da Kawu, ba mu same shi ba. Da ya rubuta a zauren yana neman lambar rajistarsu ta SEC, sai aka goge saƙon, aka kuma cire shi kafin sallar isha'i.