Ƙoƙunan kai na roba guda biyar don koyarwa: abin da suka iya da inda suka gaza

Akwatin da wasu masu sayar da kayan makaranta a Yamai ke kawowa yana ɗauke da ƙoƙon kan mutum, na cimfanzi, na gorila namiji, na gogo, sai kwafin Toumaï, ƙoƙon kan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da biri da mutum, wanda aka tono a hamadar Djurab ta Cadi a 2001, mai shekaru kusan miliyan 7.

Haƙoran su ne suka biya kuɗin. Ɗalibi ya ƙirga rabin muƙamuƙi: na gaba 2, fiƙa 1, ƙananan turame 2, manya 3. Takwas sau huɗu, jimilla 32 a duk bakin, a mutum da cimfanzi da gorila da gogon da ake gani a gandun dajin W. Wannan ƙirge yana nuna dangantaka fiye da dogon bayani a allo. Fiƙar gogo ta fito da kyau, har da giɓin da ta ƙasa ke shiga idan an rufe baki, giɓin da mutum ba shi da shi.

A kifa kowane ƙoƙo a dubi kafar da laka ke bi. Ta mutum tana ƙasa wajen tsakiya, don kai na zaune bisa kashin baya a tsaye. Ta cimfanzi ta ja baya. A Toumaï ta matso gaba, kuma da wannan ake kafa hujjar tafiya da ƙafa biyu, ko da yake masana na jayayya a kai har yanzu.

Kada a auna girman ƙwaƙwalwa da su. Dabarar cika ƙoƙo da hatsi a juye cikin ma'auni tana aiki a ƙashi na gaske, amma robar nan ta yi kauri daga ciki, lissafin zai fito ƙasa. A ba ɗalibai adadin kai tsaye: mutum kusan santimita kubik 1,350, gorila wajen 500, cimfanzi wajen 400.

Zafin Afrilu na sassauta gam, fiƙoƙi su zube, wayar da ke riƙe muƙamuƙi kuma ta saki. A ajiye akwatin nesa da rufin kwano.

Abin da ya fi damun mu shi ne jerin da aka yi a ciki, daga gogo zuwa mutum kamar tsani. Cimfanzi ba kakanmu ba ne. Zuriyarsa da tamu sun rabu ne daga kaka guda shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Malam ya wargaza jerin kafin ya buɗe akwatin a gaban aji.