W1209 da fankar kwamfuta: sanyaya tankin kifi a bazarar Zariya

A Maris da Afrilu ruwan tankin gilashi kan haura digiri 30, kifi su taru a sama suna haki. Ƙaramin allon lantarki W1209 mai volt 12, wanda ke auna zafi ya kunna fanka ko ya kashe ta da kansa, yana maganin wannan da kuɗi kaɗan.

A samo fanka biyu masu milimita 120 wurin masu gyaran kwamfuta a Sabon Gari, a karkatar da su su riƙa hura saman ruwan. A tsoma kan na'urar auna zafin allon cikin ruwa, nesa da fitilar tankin. A saitin allon, P0 a sa shi kan C (wato sanyaya), zafi 27, P1 (tazarar zafi tsakanin kunnawa da kashewa) digiri 1. In tazarar ta yi ƙanƙanta, rilen, wato makunnin da ke jikin allon, zai yi ta ƙyas-ƙyas har ya mutu.

Inda ake yawan kuskure: K0 da K1, wuraren ɗaura wayar fanka a jikin allon, makunni ne kawai, ba sa ba da wuta. Sai an bi da wayar volt 12 ta cikinsu.

Busasshiyar iskar bazara kan sauke zafin ruwan da digiri 2 zuwa 4. Da damina kuwa, kada a sa rai sosai. Ruwa zai riƙa raguwa kullum, a cika da wanda ya kwana a bokiti. Allon tsirara yake zuwa, laima na cinye shi, a sa shi cikin robar abinci mai murfi.