Murhun ganga ko na jan bulo a madafin tsakar gida?

Hajiya, tsakanin biyun nan da kika ambata, ɗauki jan bulo kawai.

Ganga ba ta da wahala: mai walda ya yanka ta biyu, ya buɗe ƙofar itace, ya gitta rodi uku, shi ke nan. Sai dai ƙarfenta siriri ne, zafi na tsiyaya ta ko'ina, ga cin itace, ga ƙona ƙafar yara, kuma tsatsa ba ta daɗewa ta cinye gindinta. Abin yabonta ɗaya ne, ana ɗaukarta ranar biki.

Jan bulo kuwa an riga an gasa shi, wuta ba baƙuwarsa ba ce. Na rusasshen gini ma ya wadatar, guda 30 zuwa 40 sun ishi murhun tukunya ɗaya har da ɗan dakalinsa. Idan ya ɗau zafi yana riƙewa, a sauke tuwo a ɗora ruwan wanka a kan garwashin da ya rage. Kada maginin ya haɗa shi da siminti, domin siminti tsagewa yake yi a wuta, haka ma bulon siminti. Jar ƙasa za a kwaɓa, kwano uku, da yashi kwano ɗaya da buntun shinkafa kwano ɗaya, a rufe ta kwana biyu ta tsumu. Ƙasar suri ta fi kama jiki in akwai.

Ƙofar itace kada ta wuce santimita 15 faɗi da tsawo, daga ƙasan wuta zuwa gindin tukunya kamar 30. Tukunyar ta nutse cikin murhun, a bar tazarar yatsa ɗaya a kewayenta. In tazarar ta yi yawa zafi ya gudu, in ta matse hayaƙi ya dawo ta ƙofa ya cika miki ido. A sa guntayen rodi a ɗaga itacen daga ƙasa don iska ta shiga ta ƙarƙashi. Murhun ya sha iska a inuwa mako biyu, ranar fara amfani da shi kuma a hura ƴar wutar kara. Babbar wuta a ɗanyen murhu ita ke fasa shi.

Bangon madafin ya tare gabas da arewa, tunda ta can hadari da iskar hunturu suke bugowa. Tsohon kwano ya isa rufi, amma a ɗaga shi mita biyu da rabi, a bar sarari tsakaninsa da bango hayaƙi ya fice. Tsohon silin asbestos, ko kyauta ne kada ki karɓa, ƙurarsa na lalata huhu.

Wajen sayen kaya, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, a tafi da wanda ya san kan abin. Kwanon rufi a ɗaga shi a rana, hujin da aka toshe da kwalta zai nuna kansa. Bulo a gwara biyu: gasasshe ƙara yake yi kamar ƙarfe, wanda bai gasu ba kuwa sai ki ji dum, a jiƙa shi ya marmashe. In kin nace sai ganga, kada ki yarda da "man gyaɗa ne a ciki" daga bakin mai sayarwa, musamman in sabon fenti ya rufe rubutun jikinta. Wadda aka zuba fetur ko maganin feshi tana iya fashewa a hannun mai walda, don haka a wanke ta, a cika ta da ruwa kafin a sa mata abin yanka.