Gilashin 50mm ko Mai Zuƙowa 24-70mm: Wanne Za a Tafi da Shi?

Masu shirin tafiya Masar ko Dubai sun sha tambayata wane gilashin kyamara za su ɗauka.

Mu fara da nauyi. Na Canon 50mm f/1.8 (lambar f na nuna faɗin ƙofar haske, ƙaramar lamba ta fi faɗi) giram 160 ne kacal, shi kuwa 24-70mm f/2.8 ya haura giram 800. Rataya shi wuni guda a kasuwar Khan el-Khalili da ke Alƙahira, wuyanka zai ba ka labari. Ga tsada, kuɗinsa ya sayi ƙaramin sau goma har da canji.

Da dare ma ƙaramin ne gwani, hasken da yake sha ya ninka na babban. Matsalarsa, ba ya zuƙowa. A lungu mai matsi sai ka yi ta ja da baya har ka dangana da bango, ginin bai shiga ba.

Babban kuwa, tunda yana zuƙowa, ba ka cire shi, balle ƙurar Giza, wajen dalar Masar, ta samu ƙofa. Ni na taɓa sauya gilashi cikin iska, duk hotunan suka fito da ɗigo-ɗigo. Kowanne ka ɗauka dai, in ka fito daga sanyin otal, bar shi cikin jaka ya ɗumama, kar ya yi raɓa.

Mai yawon buɗe ido da ƙaramin aljihu, 50mm ya ishe shi. Wanda aka biya ya ɗauko aiki, ya daure da babban.