Hattara da mai "ƙara tsawon waya" a injin sharar kafet

Jama'a, akwai wani mutum da ke zagaya masallatai da gidaje da naɗin waya a kafaɗa, wai shi mai gyaran injin shara ne. Mu dai ya riga ya yi mana sakiyar da ba ruwa.

Wayar injin masallacinmu ba ta kaiwa sahun baya, kullum ladan na fama da canza soket. Mutumin ya ce masa, "Malam, kawo in sa muku doguwa, mai kaurin milimita 1.5, jan ƙarfe zalla." Muka biya. Ya cire wayar asali ya cusa a jakarsa, ba wanda ya ce uffan. Ashe ita ce babbar ribarsa, tunda 'yan gwangwan a kilo suke sayen jan ƙarfe.

Ranar Alhamis ana shara saboda Juma'a, sai ƙauri ya cika masallaci. Wayar ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ta bar baƙin layi a kafet. Allah ne ya kiyaye.

Wani mai aikin wuta a cikin jam'inmu ya yanka ta a gabanmu. Kaurin duk roba ne, silin ciki bai taka kara ya karya ba. Ya kankare shi da reza, sai ga shi fari fat: alminiyon ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ya kara masa ashana, nan take ya lanƙwashe ya tsinke. Na gaskiya, in ji shi, sai dai ya yi jawur. Mahaɗin ma murɗawa kawai aka yi, aka naɗe da salatif.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lissafin da mai aikin wutar ya yi mana. Injin mai wat 2000 a wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan amp 9, fis ɗin fulogi kuwa amp 13 ne. Wato fis ba zai tsinke ba, wayar ce za ta yi ta dahuwa.

In wayarku ta yi gajarta, kada ku bari a yanke ta. Ku sayi ekstenshan mai kauri, ku warware shi duka kafin ku kunna, don a naɗe zafi yake tarawa. In canji ya zama dole, ku kankare sabuwar da hannunku, ku kuma karɓe tsohuwar.

Lambar da mai gyaran injin sharar ya bar mana har yau a kashe take.