Tace Sharar Nukiliya: Ruwan Asid ko Narkakken Gishiri?

Ɗalibai sun sha tambayata wace hanya ta fi, tsakanin ta ruwan asid da ta narkakken gishiri, wajen raba ƙarafan da ke cikin makamashin nukiliya da aka gama amfani da shi.

Hanyar ruwan asid, wadda ake kira PUREX, tsohuwar hannu ce. Ana narkar da sandunan makamashin a asid ɗin naitirik, a cakuɗa da sinadarin TBP cikin kananzir, sai yuraniyom da fulutoniyom su koma ɓangaren kananzir ɗin. Masana'antar La Hague a Faransa na iya sarrafa tan 1,700 a shekara. Abin da ke damuna shi ne fulutoniyom na fita tsantsa, wanda ake iya karkatarwa zuwa makami. Amerisiyom kuwa, wani ƙarfe mai fitar da radiyeshon, yana zama cikin shara tare da rukunin ƙarafan da ake kira lantanaid, don halinsu ɗaya kamar tagwaye.

Ɗaya hanyar, makamashin ake sakawa cikin gishirin da ya narke a zafin digiri 500 na Selshiyas, sai a saka masa lantarki. Fulutoniyom na fita a gauraye da wasu ƙarafa, ba tsantsa ba, amma rabuwarsa da lantanaid ba ta kammala, kuma aikin bai kai matakin kasuwanci ba. A Idaho ta Amurka ake yin sa kaɗan-kaɗan. Dukansu akwai tsada.

Ƙasar da ke da tashoshin nukiliya masu yawa da tsaro mai ƙarfi, PUREX ta dace da ita. Mai shirin gina tashoshi masu saurin niyutiron, irin waɗanda ke iya amfani da gaurayayyen fulutoniyom, gishiri ne nasa.